Uwar Agogo: Wa ke Riƙe wa Na'urori Taki?

Duk wanda ya zauna ajin tsarin sauti ya san cewa Hausa tana ɗora ma'ana a kan tsawon lokaci. Tsakanin gari da ake zama a cikinsa da garin da ake tuƙa tuwo da shi babu baƙin da ya canza, karin sautin ma ɗaya ne; wasalin farko ne kawai aka taƙaita a ɗaya, aka ja a ɗaya. Haka dafa abinci da dafa kafaɗa. Abin ya shiga har cikin nahawu, domin tsawon wasali ne ya raba "ya" na shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya da "ya" na shuɗaɗɗen lokaci na biyu. Ɗalibin yau ba ya tsayawa ga kunne kaɗai wajen tabbatar da wannan. Yakan ɗauki murya, ya zuba ta a Praat, manhajar da Paul Boersma da David Weenink suka ƙirƙira a Jami'ar Amsterdam, ya ja layi a farkon wasali da ƙarshensa, kwamfuta ta ba shi adadi a milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Sai ya rubuta adadin a kundinsa da cikakkiyar natsuwa. Da wuya ya tambayi wanda ya ƙidaya waɗannan milisakan ɗin, da kuma ko mai ƙidayar yana da gaskiya.

Wata ɗalibar ilimin harshe, haifaffiyar Zinder, ta gamu da wannan tambaya ba da neman ta ba. Abin da ta sa a gaba shi ne nazarin amshi. Ta tashi tana jin makaɗan kalangu a bukukuwan Zongo da na Birni, tsohuwar unguwar da fadar Sarkin Damagaram take, inda har yanzu ake ganin ragowar ganuwar zamanin Tanimun. Tun tana yarinya ta lura cewa ƴan amshi ba sa jiran mawaƙi ya kai ƙarshen layinsa. Sukan shigo yana kan jan wasalin ƙarshe, muryoyinsu su hau kan tasa kamar yadda ake ɗora tabarma a gefen tabarma don kada ƙasa ta bayyana. Tana son ta san ko wannan shigowa tana da ƙa'ida: shin a kan gaɓar ƙarshe suke shiga, ko a kan bugun kalangu, kuma ko nauyin gaɓar, mai dogon wasali ce ko mai gajere, yana matsar da wurin shigar. Tambaya ce mai kyau, domin tana tsaye daidai inda tsarin sauti da ma'aunin waƙa suka haɗu.

Irin wannan aiki ba ya yiwuwa da makirfo ɗaya, domin in muryoyi suka cakuɗe a layi guda babu mai iya cewa ga inda ta mawaƙi ta ƙare. Ta aro na'urorin ɗaukar sauti guda biyu daga hannun mutum biyu, ta kafa ɗaya gaban mawaƙin, ɗaya gaban ƴan amshi, ta ɗora kyamara a gefe don ta ga motsin baki. An yi zaman a wani zaure cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Zinder kan wuce digiri 40. Kafin a fara ta tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi, yadda dukan na'urorin za su ji, aka shiga waƙa, aka yi sama da awa guda ana yi ana hutawa ba tare da ta kashe komai ba. Dukan na'urorin biyu ta saita su a kan 48,000.

Da ta koma gida ta jera layukan biyu a ELAN, manhajar Cibiyar Max Planck da ke Nijmegen a ƙasar Holan, wadda masu nazarin hira ke amfani da ita. Ta daidaita tafin farko a kan tafin farko. A mintunan farko allo ya nuna abin da kunnenta ya sani: amshi yana hawa kan wutsiyar layin mawaƙi. Can tsakiya sai hawan ya ragu. Zuwa ƙarshen awa sai ga wata ƴar kafa ta shiru tsakanin rufe bakin mawaƙi da buɗe bakin ƴan amshi, kuma kafar tana faɗaɗa a hankali, a jere, ba tsalle. Ga mai neman sakamako wannan kyauta ce daga sama. Bayanin ma a shirye yake: zafi ya yi yawa, makaɗa sun gaji, amshi ya fara jinkiri. Za a iya zana masa jadawali mai kyau, a ba shi suna, kuma da wuya wani malami ya ƙi shi.

Abin da ya hana ta karɓa shi ne tsarin ya cika kyau. Gajiyar ɗan Adam ba ta tafiya a miƙe kamar zaren magini. Mutum yakan yi sanyi, ya sha ruwa, ya farfaɗo. Ta koma wurin mawaƙin, dattijo ne da ya shekara da yawa a sana'ar, ta ce, "Baba, in yaranka suka gaji, sukan jira ka ƙare kafin su amsa?" Ya yi dariya ya ce, "Malama, ɗan amshin da ya jira na rufe baki ai ya bar aikinsa. In sun gaji murya ce ke dushewa, wurin shiga ba ya motsi." Da wannan magana a ranta ta sake buɗe layukan, amma a wannan karon ta bar muryoyi ta bi kuntuku, ɗan ƙaramin abin kiɗan nan da yaro ke kaɗawa a bayan kalangu, wanda bugunsa mai kaifi ya shiga makirfo biyun duka. A farkon ɗauka bugu ɗaya yana tsaye wuri ɗaya a layukan biyu. A ƙarshen ɗauka, in aka kunna su tare, sai a ji bugu biyu, ɗaya na bin ɗaya. Yaron sau ɗaya ya buga. Na'urorin ne suka saɓa a kan lokacin da ya buga.

Wanda ya warware mata abin wani tsohon ma'aikacin sauti ne da ya yi shekaru a wani gidan rediyo na garin, tun zamanin faifan zare har zuwan kwamfuta. Bayaninsa, in aka tace shi, ga yadda yake. Na'urar dijital ba ta ɗaukar sauti a dunƙule. Ɗibarsa take yi, kamar mai awon gero da tiya: ta duba ƙarfin motsin iska a wannan ƙiftawa, ta rubuta shi a matsayin lamba, ta sake dubawa, ta sake rubutawa. Lambar nan 48,000 ita ce yawan ɗiba a sakan guda; faifan CD, wanda ya fito kasuwa a 1982, yana amfani da 44,100. Ka'idar da Harry Nyquist ya share wa hanya a 1928, Claude Shannon ya tabbatar da ita a 1949, ta nuna cewa in yawan ɗiba ya ninka mafi tsinin sautin da ake so fiye da sau biyu, za a iya maido da sautin yadda yake. Sharaɗin da ke ɓoye cikin wannan alkawari shi ne tazarar da ke tsakanin ɗiba da ɗiba ta zama daidai. Mai ba da wannan tazara wani ɗan tsinken dutse ne da ake kira kwats, wanda ke karkarwa da wani adadi sananne in aka ba shi lantarki. Irinsa ne a agogon hannu, inda yake kaɗawa sau 32,768 a sakan, kuma tun 1927 Warren Marrison da J. W. Horton suka gina agogon farko a kansa a Amurka.

Matsalar ita ce babu tsinke biyu da suka yi daidai ƙwarai. Yankan masana'anta yana da ɗan kuskure, shekaru suna canza shi, zafi da sanyi suna matsar da shi. Na'urar da rana ta doka ta bakin ƙofar zaure da wadda ke cikin inuwa ba za su ƙidaya sakan iri ɗaya ba. Ana auna wannan saɓani da kashi cikin miliyan. A ce tsakanin na'urori biyu akwai kashi 50 cikin miliyan, wanda ba abin mamaki ba ne ga kayan da ɗalibi ke iya samu. A kowane sakan ɗaya za ta fi ɗaya da ɗiba 2.4. Wannan ba komai ba ne a sakan guda. A awa guda ya zama ɗiba 8,640, wato milisakan 180. Fayil ɗin kuwa ba ya ɗauke da shaidar wannan. Kowane ya rubuta 48,000 a goshinsa, kwamfuta kuma ta gaskata su duka.

A nan akwai abin da ya kamata ɗalibin furuci ya natsu a kansa, don kada tsoro ya wuce wurinsa. Wannan zamiya ba ta taɓa ma'aunin wasali a cikin ɗauka guda. Wasali mai tsawon milisakan 100, in agogo ya kauce da kashi 50 cikin miliyan, kuskurensa kashi 5 ne cikin miliyan na sakan, abin da hannun mai jan layi a Praat ba zai taɓa kusantarsa ba. Wanda ke auna gari da gari a makirfo ɗaya ya kwana lafiya. Haɗarin yana farawa ne daga ranar da aka kwatanta abin da na'ura ɗaya ta ji da abin da wata ta ji ko ta gani. A 2009 Tanya Stivers da abokan aikinta suka wallafa binciken da suka yi a harsuna goma kan tazarar da ke tsakanin tambaya da amsa a hira, suka samu matsakaicinta yana wajen milisakan 200. Hausa ba ta cikin goman, kuma wani zai zo ya auna ta wata rana, watakila a kan gaisuwa, wadda ake jefawa ana cafewa da saurin da baƙo ke mamaki. In ya ɗora wa kowane mai magana na'urarsa, to zamiyar awa guda ta kusa kai girman abin da yake nema gaba ɗaya. Za ta iya mayar da katsalandan ya zama ladabi, ta mayar da ladabi ya zama katsalandan. Haka mai duba haɗuwar leɓɓa a hoto yana kwatanta ta da sauti: kyamara mai hoto 25 a sakan tana ba kowane hoto milisakan 40, don haka milisakan 180 hoto huɗu da rabi ne. Haka kuma mai nazarin haɗiyau da tunkuɗau, irin su ɓ da ɗ da ƙ da ts, in ya sa na'urar auna maƙogwaro a gefe guda, makirfo a wani gefen. Dukan tambayarsa a kan wanda ya riga wani ce, maƙogwaro ko leɓe.

Maganin da gidajen rediyo da ɗakunan ɗaukar waƙa suka daɗe da sani shi ne a hana kowace na'ura bin agogon cikinta. Tsohon ya ce mata, "Ƴata, ba a sarki biyu a gari ɗaya." A zaɓi agogo guda, ko na cikin ɗaya daga na'urorin, ko wani akwati na musamman da ba shi da aikin komai sai bugun taki, a ja waya daga gare shi zuwa sauran. Abin da ke tafiya cikin wayar ba sauti ba ne, ba kuma ƙarfe nawa ba ne. Bugu ne kawai, hawa da sauka, sau 48,000 a sakan, kowane bugu yana cewa "ɗiba yanzu". Injiniyoyi suna kiransa da sunan da ma'anarsa ita ce agogon kalma, abin da kan rikita ɗalibin harshe, domin kalmar da suke nufi ba ta ƙamus ba ce. Gungun lambobi 16 ko 24 ne da ke wakiltar ɗiba guda. Wayar irin ta eriyar talabijin ce, mai om 75, da kan da ake murɗawa ya kulle, wanda ake kira BNC. A ƙarshen layi dole a sa toshiya mai om 75, in ba haka ba bugun ya daki ƙarshen waya ya dawo, na'ura ta ruɗe tsakanin bugu da amonsa. In na'urori sun yi yawa, ya fi kyau kowace ta sami wayarta kai tsaye daga tushe, maimakon a jera su wannan na miƙa wa wancan. Wasu hanyoyin haɗin, kamar AES3 da S/PDIF da ADAT, suna ɗauke da takin a cikin sautin kansa, sai mai karɓa ya tsamo shi. Ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES ma tana da ƙa'ida ta musamman a kan wannan, AES11, wadda ta yarda wa agogo mai daraja ta ɗaya kaucewar kashi 1 cikin miliyan, mai daraja ta biyu kashi 10.

Abin lura shi ne, da zarar kowa na bin agogo guda, daidaiton agogon da lokacin duniya ya rage muhimmanci. In ya yi sauri kaɗan, kowa ya yi sauri tare da shi, bugun kuntuku ya tsaya wuri ɗaya a layuka duka. Haɗin kai ake nema kafin gaskiya ta ƙarshe.

Ya kuma nuna mata abin da ke faruwa in aka haɗa na'urori biyu da wayar dijital aka bar kowace a kan agogonta. Mai aikawa tana turo ɗiba da nata saurin, mai karɓa tana buɗe baki da nata, sai lokaci-lokaci a zubar da ɗiba ɗaya ko a maimaita ta. Kunne yana jin wani ɗan ƙas, ƙas, a tazara kusan daidai. Mai sauraron waƙa zai ce faifan ya lalace. Ɗalibin furuci kuwa in bai yi hattara ba zai ga ɗan siririn layi a tsaye a hoton sauti, mai kama da fashewar tsayau, ya yi ta neman baƙin da babu wanda ya furta. Mafi muni shi ne a ɗauka a 44,100 a karanta a 48,000. Komai zai yi sauri da kusan kashi 9 cikin ɗari: murya mai kaɗawa 200 a sakan ta koma kusan 218, wasalin milisakan 100 ya koma kusan 92. Ga harshe mai karin sauti da tsawon wasali wannan ɓarna biyu ce a lokaci guda, kuma ba ta da ƙarar da za ta tona kanta, sai dai wanda ya san mai maganar ya ce muryar nan ta yi ƙuruciya.

Akwai wani ɓangare na zancen da tsohon ya fi zafi a kansa. Masu sayar da kaya sun mayar da agogon waje kamar laya. Ana tallar akwatuna masu tsada, har da masu amfani da sinadarin rubidiyam, da alkawarin cewa in ka haɗa su da na'urarka sauti zai buɗe, ya yi zurfi, ya yi zaƙi. Gaskiyar da ke ƙarƙashin tallar ita ce akwai wata cuta ta biyu ban da zamiya, wato karkarwa: bugun ya zo da wuri kaɗan yanzu, ya makara kaɗan an jima, ko da jimillarsa a sakan ta cika. Wannan yana sa a ɗibi sauti a wurin da bai dace ba, ya haifar da ƙura a cikinsa, musamman a sautuka masu tsini. Amma na'urar da ke bin agogon waje ba ta shan bugun kai tsaye. Tana da wata da'ira a ciki da ke sauraron bugun da ya shigo, tana jan nata agogon ya bi shi, kuma wannan ja da bi shi kansa yana iya kawo karkarwa, ga abin da doguwar waya ta ƙara. Saboda haka na'ura mai kyau, in ita kaɗai ce, galibi ta fi tsabta a kan dutsen cikinta. Mai na'ura ɗaya da ya sayi agogon waje ya sayi igiya ne alhali dabba ɗaya gare shi kuma a ɗaure take. Ɗalibar ta ji daɗin wannan hukunci, ko don ya yi daidai da aljihunta, amma hujjarsa tana tsaye ko da aljihu ya cika.

Sai kuma bambancin da mutane da yawa ke cakuɗawa, tsakanin agogon taki da lambar lokaci. Lambar lokaci, irin ta SMPTE da masu fim ke amfani da ita, tana cewa awa kaza, minti kaza, sakan kaza, hoto na kaza. Tana faɗa maka inda kake. Agogon taki bai san ko safiya ce ko dare ba. Saurin tafiya kawai ya sani. Wanda ya daidaita lambar lokaci a farkon ɗauka ya bar kowace na'ura da dutsenta ya yi daidai da ayarin da ya tashi daga Zongo a sa'a guda amma kowane raƙumi da nasa taku. Tafin da ɗalibar ta yi a farkon zama lambar lokaci ce ta talaka, kuma ta yi aikinta. Abin da ba ta iya ba shi ne riƙe taku. Matsalar ma ta girmi dijital. A zamanin da Jean Rouch ke ɗaukar finafinansa a Nijar da kyamara a kafaɗa da rakodar Nagra, hanyar da masu fim suka dogara da ita ita ce a rubuta wani sautin jagora a jikin zaren tare da murya, mai nuna saurin kyamara, don a daidaita su daga baya. Da farko waya ce ke haɗa kyamara da rakoda, daga baya aka sa wa kowace dutsen kwats aka yanke wayar.

Ɗalibin da ba shi da ɗakin ɗauka fa? Hanya mafi sauƙi ita ce a guje wa matsalar tun daga tushe: na'ura ɗaya mai ƙofofi huɗu ko shida, kowane makirfo da layinsa, duka a ƙarƙashin dutse guda. Wannan ita ce uwar agogo mafi arha a duniya, kuma tana aiki da batir, abin da ke da muhimmanci a garin da wuta kan ɗauke. In dole sai na'urori biyu kuma ba su da ƙofar agogo, a tafa a farko, a tafa a ƙarshe, a tafa a tsakiya duk bayan ƴan mintuna, a bar na'urorin su ɗumama kafin a fara, a raba su da rana. Daga baya sai a auna tazarar tafin ƙarshe, a miƙa layi ɗaya da lissafi har ya yi daidai da ɗayan. Gyaran yana ɗauka cewa zamiyar a miƙe take, alhali zafi yana iya lanƙwasa ta, shi ya sa tafin tsakiya ke da amfani. Kada kuma a manta da iska: sauti yana cin kusan milisakan 3 a kowace mita, don haka makirfon da ke nesa da kuntuku da mita uku zai ji shi a makare da kusan milisakan 9. Wannan jinkiri a tsaye yake, ba ya girma, kuma da haka ake bambanta shi da zamiya. Ita ɗalibar bugun kuntukun ne ya cece ta, domin ya zame mata tafi ɗaruruwa a warwatse cikin awa guda. Da ta gyara layukan a kansa, kafar shirun ta rufe, amshi ya koma kan wutsiyar layin mawaƙi daga farko har ƙarshe, yadda dattijon ya faɗa.

Da ta zo rubutu sai wata matsala ta taso, wadda ta fi kusa da sana'ar masu karanta wannan mujalla: da wane suna za a kira waɗannan abubuwa a Hausa? Littattafan Turanci da na Faransanci sun daɗe suna kiran agogon da ke ba da taki ubangida, masu bin sa kuma bayi. Tun wajen 2020 kamfanoni da ƙungiyoyin fasaha da yawa suka fara sauya waɗannan kalmomi da irin su jagora da mabiyi. A Damagaram wannan ba zancen yayi ba ne. Zinder ta ƙarni na 19, wadda André Salifou ya rubuta tarihinta a littafinsa na 1971, babbar tasha ce ta fataucin Sahara, kuma mutane suna cikin hajar da aka yi fatauci da ita. Ɗaya daga cikin muryoyin Hausa na farko da aka rubuta da yawa a boko ma daga wannan ƙasa ta fito ta wannan hanya. Dorugu, yaro daga wajen Kance, an kama shi bawa, Adolf Overweg ya ƴanta shi a Borno, ya bi Heinrich Barth har Ingila a 1855, inda J. F. Schön ya zauna da shi yana rubuta abin da yake faɗa. Daga nan aka sami babban ɓangare na Magana Hausa na 1885. Alƙalamin Schön ya kama kalmomin Dorugu, amma tsawon da ya ja kowane wasali da yadda muryarsa ta hau ta sauka sun tafi tare da shi. Ɗalibar ta ga bai kamata ƴar garin da irin wannan tarihi ya ratsa ta ɗauko kalmar bawa ta liƙa wa akwatin ƙarfe ba, alhali harshen yana da wadatar da ta fi haka.

Ta gwada madugu da ayari, sunan da ya dace da birnin fatake, amma madugu shi ke cewa a tashi, a sauka, wanda ya fi kama da lambar lokaci. Ta gwada jagora, ta ga jagora yana gaba ana ganinsa, shi kuwa wannan abu ba a jin sa a cikin sautin ko kaɗan. Wanda ya fi kama da shi a zauren nan shi ne yaron kuntuku, mafi ƙanƙanta a ƙungiyar, wanda ba a yi wa kari, ba a ambaton sunansa, amma in ya karkace kowa ya karkace. Sai dai kuntuku sunan abin kiɗa ne, ba zai ɗauki sabon nauyi ba tare da ruɗani ba. A ƙarshe ta tsaya a kan tsarin da Hausa ta riga ta tanada na kiran tushen abu uwa, kamar uwar maƙera da uwar kuɗi. Ta rubuta uwar agogo ga mai ba da taki, mabiya ga sauran, zamiya ga saɓanin da ke taruwa, karkarwa ga rashin daidaiton bugu. Wani abokin karatunta ya yi gardama cewa uwar agogo za ta iya sa mai karatu ya zaci babban agogon bango ake nufi, kuma gardamarsa tana da ƙarfi. Ita ta ce uwar kuɗi ma ba a taɓa zaton babbar takardar kuɗi ce ba, amfani ne ke zaunar da kalma. Ba su daidaita ba. Tsohon ma'aikacin rediyon, da ta karanta masa jerin, ya gyaɗa kai ya ce sun yi kyau, ya ci gaba da kiran abin orloj kamar yadda ya koya da Faransanci.

A babin hanyar bincike na kundinta, bayan sunan makirfo da yawan ɗiba, ta ƙara layuka uku da ba a saba gani a kundin ɗalibai ba: wace na'ura ce ta riƙe taki, nawa ne saɓanin da aka auna tsakanin bugun farko da na ƙarshe, da kuma yadda aka gyara shi. A zama na biyu da makaɗan, bayan damina ta sauka, ta zo da na'ura ɗaya mai ƙofofi huɗu, ta ba mawaƙi makirfo ɗaya, ƴan amshi ɗaya, kalangu ɗaya, na huɗun ta kafa shi gaban yaron kuntuku.